Zuma ga Zaƙi ga Harbi: Dashen Gaɓa da Haƙƙin Majinyaci na Sanin Gaskiya

Ranar 3 ga watan Disamba na shekarar 1967, a asibitin Groote Schuur da ke birnin Kap na Afirka ta Kudu, likita Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe, ya dasa ta a ƙirjin wani magidanci mai suna Louis Washkansky. Labari ya gama duniya, jaridu suka cika da hoton mutumin bisa gadon jinya. Bayan kwana 18 ya cika. Zuciyar da aka dasa masa tana aikinta har ƙarshe. Ciwon huhu ne ya tafi da shi, domin magungunan da aka ba shi don kada jikinsa ya kori baƙuwar zuciyar sun karya masa garkuwa, ƙwayoyin cuta suka iske shi babu mai tare su.

Yau ilimi ya yi nisa, ana samun mutanen da suka shekara 20, wasu 30, da ƙodar wani ko hantar wani a cikinsu. Sai dai matsalar da ta kashe Washkansky tana nan, tafiyarta ce ta koma ta hawainiya. Takan zo bayan watanni ko shekaru, wani lokaci a siffar tsohuwar cutar da ta farka, wani lokaci a siffar ɗan tsiro ko baƙin tabo a fata wanda ƙarshensa ciwon daji ne. Daga nan tambaya ta taso, wadda ta shafi likita da dangi da al'umma baki ɗaya: mutumin da ke gaɓar mutuwa, aka samo masa hanyar tsira, shin wajibi ne a faɗa masa sharrin da ke iya biyo bayan wannan alheri, ko kuwa tausayi ya fi son a yi shiru?

Masu gadin jiki

Jikin ɗan Adam yana da masu gadi da ba su barci, su ne ake kira garkuwar jiki. Aikinsu su bambanta abin da ke na gida da abin da ya shigo daga waje, su kuma hallaka na wajen. Ba su san zumunta ba. Masani Peter Medawar, wanda ya yi nazarin dashen fata ga mutanen da suka ƙone lokacin yaƙin duniya na biyu, ya nuna cewa jiki yakan ƙi fatar wani, in kuma aka sake kawo masa fatar mutumin nan karo na biyu sai ya ƙi ta da sauri fiye da na farko, alamar masu gadin suna tuna fuskar baƙo. A kan wannan fanni aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1960.

A watan Disamba na 1952, wani saurayi ɗan shekara 16 mai suna Marius Renard ya rasa ƙodarsa ɗaya tilo bayan ya faɗo daga kan gini. Mahaifiyarsa ta ba shi tata a asibitin Necker na birnin Paris. Ƙodar ta yi aiki kamar mako uku, sannan jikin ɗan ya ƙi naman uwar da ta haife shi, ya rasu a watan Janairu na 1953. Nasarar farko mai ɗorewa ta zo ranar 23 ga Disamba 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun likita Joseph Murray, kuma dalilinta shi ne mai bayarwa da mai karɓa, Ronald da Richard Herrick, tagwaye ne masu kama ɗaya, masu gadin ba su ga baƙo ba. Amma mutum nawa ne ke da irin wannan ɗan'uwa?

Saboda haka aka shiga neman abin da zai kwantar da masu gadin. Aka fara da azatiyoprin da kortizon a farkon shekarun 1960. Sai siklosporin, wanda aka samo daga wata fumfuna a cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norwai, aka amince da shi a Amurka a 1983, shi ne ya mai da dashe aikin yau da kullum. Takrolimus ya biyo baya, daga wata ƙwayar halitta da aka gano a ƙasar Japan a 1984. Waɗannan magunguna ana shan su kowace rana muddin gaɓar tana jiki, kuma ba su iya ce wa masu gadi: ku bar wannan baƙo shi kaɗai ya wuce. Suna rage musu ƙarfi ne gaba ɗaya.

Da ɗan gari akan ci gari

Mutane sukan zaci haɗarin wanda garkuwarsa ta yi rauni daga waje yake zuwa, ta hanyar tari ko gurɓataccen ruwa. Wannan gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi shi dabara. Akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira birus, waɗanda suke shiga jikin mutum tun yana yaro, su yi kwance shekara da shekaru ba su fita, masu gadi na danne da su. Wanda ya yi ƙarambau yana ƙarami, ƙwayar na nan ɓoye a jijiyoyinsa, in garkuwa ta sassauta sai ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a jere a gefe ɗaya na jiki. Birus ɗin sitomegalo, wanda mutane da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba, yakan kawo zazzaɓi da ciwon hanji ko na huhu a watannin farko bayan dashe, shi ya sa ake ba waɗanda ke cikin haɗari maganin rigakafi na wata 3 zuwa 6. Wani birus mai suna BK, wanda aka fara ganowa a Landan a 1971 a fitsarin wani majinyaci ɗan Sudan da aka dasa wa ƙoda, ita ƙodar da aka sha wahala aka samo ita yake ci.

Wasu daga cikin waɗannan ƴan gari har daji suke haifarwa. Birus ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 a cikin nazarin wani dajin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda, yana jikin fiye da mutum 90 cikin 100 na manya a duniya. Bayan dashe yakan iya tura fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su zama dajin kaluluwa, musamman ga yaran da ba su taɓa haɗuwa da shi ba sai a cikin gaɓar da aka ba su. Birus ɗin papiloma yana da hannu a dajin bakin mahaifa da na al'aura da na dubura. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, wanda ya bi dashe fiye da 175,000, ya nuna haɗarin kamuwa da daji ga waɗanda aka yi wa dashe ya ninka na sauran jama'a sau biyu, ba tare da an sa yawancin dajin fata a lissafin ba.

Rana da fata

A fata ne lissafin ya fi ban tsoro. Hasken rana yana lalata ƙwayoyin fata a hankali, garkuwar jiki na bi tana share waɗanda suka lalace kafin su zama daji. In mai sharar ya yi rauni, sai su taru. Tun farkon shekarun 1970 likitocin Ostiraliya suka lura da haka. Akwai wani nau'in dajin fata da ke farawa kamar ɓawo mai kaushi ko miki mai ƙin warkewa; ga farar fata da aka yi wa dashe, an ƙiyasta yawansa ya ninka na sauran mutane sau 65 zuwa 250, kuma ya fi saurin yaɗuwa cikin jiki. A jihar Kwinslan ta Ostiraliya, inda farar fata ke zaune ƙarƙashin rana mai zafi, an samu 45 cikin 100 na waɗanda aka dasa wa ƙoda sun yi dajin fata bayan shekara 11, aka kai 70 cikin 100 bayan shekara 20. A Holan, inda rana ba ta da wannan ƙarfi, 40 cikin 100 ne bayan shekara 20.

Baƙar fata tana da kariya daga rana wadda farar fata ba ta da ita, don haka waɗannan alƙaluma ba na Afirka ba ne, ban da zabiya, wanda rana ke yi wa illa ko da garkuwarsa lafiya lau. Amma baƙar fata tana da nata rabon. In dajin fata ya zo mata, sau da yawa a wuraren da tufafi ya rufe yake fitowa, a matsematsi ko al'aura ko bisa tsohon tabo, wuraren da kunya ke hana a nuna. Sannan ga dajin Kaposi, wanda likita Moritz Kaposi ya bayyana a Biyana a 1872, wanda kuma mutanen Afirka suka san shi a jikin masu cutar sida. A 1994 Yuan Chang da Patrick Moore suka gano birus ɗin da ke haddasa shi, birus ɗin da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara da wasu sassan gaɓar tekun Bahar Rum. A Saudiyya, a ƙarshen shekarun 1980, an samu kusan 5 cikin 100 na wani rukunin waɗanda aka dasa wa ƙoda sun kamu da shi, kuma a Afirka ta Kudu likitoci sun lura shi ne kan gaba a dajin da ke kama waɗanda ba farar fata ba bayan dashe. Yakan fara da tabo mai duhu a ƙafa ko a ganɗa, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma a baƙar fata yana da wuyar gani ga wanda bai san abin da yake nema ba.

Hujjar masu shiru

Masu cewa a yi shiru ba mugaye ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Na farko, dashe ya fi rashinsa nesa ba kusa ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya nuna cewa, bayan an wuce haɗarin makonnin farko, yiwuwar mutuwa ga wanda aka dasa wa ƙoda ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku in aka gwada shi da wanda ya zauna yana jira bisa na'urar wankin ƙoda. To, in kalmar daji ta firgita majinyaci har ya ƙi aikin, gaskiyar da aka faɗa masa ta zama ajalinsa. Na biyu, al'adar Hausawa da maƙwabtansu ta ginu bisa kawaici a gaban marar lafiya. Mai gaisuwa yakan ce jiki ya yi sauƙi ko da idonsa na ganin akasin haka, likita kuma yakan ja babban wa ko miji gefe ya gaya masa abin da ba a gaya wa mai ciwon ba. Wannan ɗabi'a tana da tushe mai kyau, domin ƙarfin zuciya na taimakon jinya, kuma ba kowa ke iya ɗaukar kowane labari a kowane lokaci ba. Na uku, akwai mai bayarwa. Ƙanen da ya yarda a cire masa ƙoda don wansa ya rayu, ina amfanin a dagula masa kyautarsa da zancen abin da wataƙila ba zai taɓa faruwa ba?

Duk wannan zai isa hujja da a ce sanin da majinyaci zai yi ba ya canza kome. Akwai cututtukan da haka suke, inda labari sai dai ya ƙara baƙin ciki. Ciwon da ake magana a kansa ba ya cikinsu.

Mai gadin da ya saura

Da aka kwantar da masu gadin ciki, wa ya saura yana tsaro? Likita yana ganin majinyaci sau ɗaya a wata uku ko shida, in ma hanya da kuɗi sun yarda. Wanda ke ganin fatar nan kullum, wurin wanka da wurin alwala, shi ne mai ita. Ɗan tsiron da aka gani da wuri, likita kan yanke shi cikin ƴan mintoci a koma gida. Wanda aka bari ya shekara yana iya kaiwa ga kaluluwa da huhu. Dajin Kaposi kuwa yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki, sau da yawa yakan ja da baya in aka rage maganin da ke danne garkuwa. A 2005 likitoci a Italiya suka ba da labarin majinyata 15 masu wannan daji a fata, aka janye musu siklosporin aka sa su bisa sirolimus, maganin da asalinsa daga ƙasar tsibirin Rapa Nui yake. Bayan wata 3 tabon ya ɓace a jikinsu duka, ƙodar kuma ba ta lalace ba. A 2012 wani bincike da likitocin birnin Liyon na Faransa suka jagoranta ya nuna wannan canjin magani yana rage sake fitowar dajin fata ga wanda ya taɓa yi, duk da cewa shi ma sirolimus yana da nasa illolin. Dukkan waɗannan hanyoyi suna farawa ne daga mutum ɗaya da ya dubi ƙafarsa ya ce wannan tabo ba ya nan a watan jiya.

Ke nan sanin gaskiya a wannan wuri sashe ne na maganin. Wanda ya ɓoye wa majinyaci haɗarin ya yi kamar mai gidan da ya sallami masu gadinsa don ya sauki baƙo, sannan ya ƙi gaya wa iyalinsa cewa ƙofa a buɗe take kwana. Manomin da bai sani ba zai koma gona tsakar rana ba malfa ba riga, matar da ba a gaya mata ba za ta ɓoye tsiron da ya fito mata a wurin kunya har sai ya gagara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma wanda aka dasa wa gaɓa kullum ranar wanka ce a gare shi.

Akwai kuma haɗari na biyu da shiru ke jawowa. Labarin da likita bai faɗa ba, wani zai faɗe shi, a majalisa ko a waya, gutsure kuma da ƙari. Majinyacin da ya ji daga bakin jahili cewa maganin da yake sha na kawo daji yana iya daina sha a ɓoye, masu gadi su farka, ƙodar ɗan'uwansa ta mutu cikin ƴan makonni. Wanda aka yi wa bayani tun farko ya san cewa rage magani ko canza shi aikin likita ne, kuma ya san daina shan ya fi dajin saurin kisa.

Saboda haka muhawarar ta tashi daga a faɗa ko kada a faɗa, ta koma yadda za a faɗa. A nan kawaici yake da gurbinsa. Gaskiyar da ta dace ita ce cikakkiya, mai ɗauke da bangarori biyu: cewa dashe zai ƙara masa shekaru da ƙarfi fiye da na'ura, cewa akwai cututtukan da za su fi kusantarsa, ga sunayensu, ga alamunsu, ga abin da ake yi in sun zo. Wanda ya faɗi rabin farko kawai ya yaudari mutum, wanda ya faɗi rabin ƙarshe kawai ya tsorata shi. Ana iya zaɓen lokaci, a yi magana da harshen da majinyaci ke ji, a gaban wanda ya amince da shi, a maimaita bayan kwanaki. Abin da bai halatta ba shi ne dangi su sani mai jikin bai sani ba, alhali shi ne zai sha maganin, shi ne kuma zai yi gadin. Yardar da mutum ya bayar bai san abin da ya yarda da shi ba, sa hannu ne kawai bisa takarda.

Bayan an watse daga barka

Zancen ba na nesa ba ne kamar da. Asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, Senegal ta yi nata na farko a watan Nuwamba na 2023, kuma akwai majinyata daga wannan yanki da suke tafiya Indiya ko Masar ko Tunisiya su dawo da sabuwar ƙoda. Malamai ma sun yi magana: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓa bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da ita. Sanarwar Istambul ta 2008 ta yi Allah wadai da fataucin gaɓoɓi, wanda ban da zaluntar matalautan da ake saye daga gare su, yakan dawo da mai saye gida da ciwon hanta ko sida daga gaɓar da ba a auna ba.

An san yadda al'umma ke tashi tsaye in ɗaya daga cikinta ya kwanta. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ƴan'uwa sukan sayar da gona ko dabba, abokan aiki su yi karo-karo, a yi sanarwa a masallaci. Wannan abin yabo ne. Amma taimakon yakan ƙare ranar da majinyaci ya sauko daga jirgi aka je masa barka, daidai lokacin da buƙatarsa ta gaske take farawa: magani na kowace rana har ƙarshen rai, awon jini don a san ƙarfin maganin da motsin birus, likitan fata da zai dube shi ko da sau ɗaya a shekara, kuɗin mota zuwa Yamai ko Kano. Wanda ya tara wa mutum kuɗin aiki yana da haƙƙin ya tambaya, kafin a tafi, wa zai bi lafiyarsa in ya dawo, da wane kuɗi, a wane asibiti. Tambayar tana da ɗaci a ranar da kowa ke ɗokin tafiya, amma ta fi sauƙi a ranar fiye da bayan shekara biyu.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da abin yi a nan wanda likita ba zai iya shi kaɗai ba. Su ne ke da harshen da jama'a ke saurare, a aji da dandalin wasan kwaikwayo da gidan rediyo. Suna iya koya wa mutane cewa nuna wa likita jiki ba rashin kunya ba ne, cewa miki mai ƙin warkewa ko baƙin tabon da ke girma ba abin kai wa wanzami ba ne, cewa malfa da rawani da riga mai dogon hannu da kakanni suka bari kariya ce ta gaske. Suna iya koya musu kuma cewa mai ƙarambau ko tari ya dakata da zuwa gaida wanda aka yi wa dashe, ya aika da gaisuwarsa, domin a nan nisanta ita ce zumunci.

Richard Herrick ya rayu shekara 8 da ƙodar ɗan'uwansa, ya yi aure ya haifi ƴaƴa, bai buƙaci maganin danne garkuwa ba. Sauran masu karɓar gaɓa ba su da wannan gata. Kowannensu yana riƙe da kyautar wani bisa sharaɗin ya zauna da ƙofa a buɗe. Mafi ƙarancin abin da likita da dangi ke binsa shi ne su gaya masa wace ƙofa ce, su nuna masa abin da zai riƙa dubawa, su kuma tsaya tare da shi bayan baƙi sun watse. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.